Horar da Doki Mai Firgita: Daga Turke Zuwa Tsallaken Shinge

Doki mai firgita shi ne wanda ƙaramin abu ke tayar wa hankali. Leda ta tashi a iska sai ya yi gefe, babur ya wuce sai ya nemi tumɓuke turke, inuwa ta gitta sai ya tsaya cak yana huci. Masu dawaki a ƙasar Hausa sun san irinsa. Wasu suna ce masa mai zabura, wasu mai tutsu, wasu kuma sukan yanke masa hukuncin cewa gardama ce kawai ke damunsa. A cikin ayyukan da ake sa doki, tsallaken shinge ya fi kowanne tona asirin wannan hali. Ana iya tilasta wa doki tafiya ko sukuwa da bulala, amma a daidai lokacin da zai ɗauke ƙafafunsa huɗu daga ƙasa ya ƙetare abin da ke gabansa, shawara ta koma wurinsa. Saboda haka horon irin wannan doki ya ginu ne a kan doka ɗaya: a rage masa tsoro kafin a ƙara masa tsawon shinge.

Doki a ƙasar Safana da Batsari

Garin Babban Duhu, wanda za mu ɗauka misali a nan, yana cikin ƙaramar hukumar Safana, a yammacin jihar Katsina, maƙwabtaka da Batsari, ba nesa da dajin Rugu ba. Ƙasa ce ta noma da kiwo, mai jigawa da duwatsu da kwazazzaban da ruwan damina ke haƙawa. Yariman Katsina shi ne hakimin Safana, Sarkin Ruma kuma hakimin Batsari. Ruma tsohon gari ne na mayaƙa wanda ya tsare wannan ɓangare na ƙasar Katsina a ƙarni na 19, zamanin da ake kai ruwa rana da Maraɗi, kuma har yau ana ba da labarin Ɗanwaire, barden da ya yi suna a can. A wancan zamani dokin da ke tsoron ƙarar bindiga ko ya ƙi ƙetare rami yana iya jawo wa mahayinsa asarar rai.

Yanzu babur ya karɓe aikin sufuri. Abin da ya rage wa doki shi ne hawan sallah, da naɗin sarauta, da hawan angonci, da sukuwa. Matsalar tsaron da ta addabi ƙauyukan bakin dajin Rugu a shekarun nan ta sa fita kilisa nesa da gari ta yi wuya, dokin da ya daɗe a turke kuwa ƙarfinsa taruwa yake yi, ranar da aka kwance shi sai ya fito kamar an harba kibiya.

Katsina ta daɗe da karɓar wasannin dawaki na zamani. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, shi ya dasa ƙwallon dawaki, wato folo, a birnin a shekarun 1920. Ɗansa Sarki Usman Nagogo, da ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya kai maki bakwai a ma'aunin ƙwarewar wasan, abin da ya sa sunansa ya zagaya duniyar folo. Tsallaken shinge bai samu irin wannan gindin zama ba, amma horon da ake yi dominsa yana da amfani ga kowane doki, ko na hawa ne, ko na folo, ko wanda zai ƙetare kwazazzabo a hanyar gona.

Yadda gasar take

A gasar tsallaken shinge ana jera shingaye goma ko fiye a cikin fili, kowanne da lambarsa, mahayi ya bi su ɗaya bayan ɗaya a cikin ƙayyadadden lokaci. Sandunan shingen ɗora su kawai ake yi, da zarar kofato ya taɓa su da ƙarfi sai su faɗo. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, wadda aka kafa a 1921 kuma take da hedikwata a birnin Lausanne na ƙasar Suwizalan, ita ke tsara dokokin. Idan sanda ta faɗi, an ci mahayi tarar maki 4. Idan doki ya ƙi tsallakawa karo na farko, maki 4 ne, idan ya sake ƙi an fitar da shi daga gasar. Faɗuwar mahayi ko ta doki ita ma fita ce, wuce lokaci kuma yana jawo nasa makin. Wanda ya fi ƙarancin maki shi ke da nasara.

Wasan ya fara bayyana a gasar Olamfik a birnin Paris a 1900, ya kuma zauna daram tun daga gasar Stockholm ta 1912. A wannan mataki tsawon shinge kan kai mita 1.60 har zuwa 1.65. Ƙasashen Larabawa sun yi fice a cikinsa: Khaled Al Eid na Saudiyya ya samu lambar tagulla a Sydney a shekarar 2000, tawagar Saudiyya kuma ta samu tagulla a Landan a 2012. Dawakin da ake shiga irin waɗannan gasanni da su manya ne na Turai. Dokin ƙasar Hausa, wanda jininsa ya haɗa da na dawakin Arewacin Afirka da na Dongola, tsawonsa a kafaɗa bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, amma yana da juriya da saurin juyi, kuma ƙananan shingaye ba su fi ƙarfinsa ba.

Abin da ke sa doki firgita

Allah ya halicci doki a cikin dabbobin da ake farauta, makaminsa na farko kuwa gudu ne. Sai ya yi nisa da abin da ya tsorata shi sannan yake juyowa ya duba mene ne. Idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, amma akwai wurare biyu da ba ya gani: daidai bayan wutsiyarsa, da daidai gaban goshinsa zuwa ƙarƙashin hancinsa. Ma'anar wannan ga mai tsallake babba ce. Doki yana auna shinge ne tun daga nesa, idan ya iso gindinsa zai tashi, shingen ya kusa ɓace masa. Mahayin da ya danne kan doki da linzami a taku na ƙarshe ya hana shi ganin abin da ake so ya ƙetare.

Idon doki ba ya saurin sabawa idan an fito da shi daga haske zuwa duhu, shi ya sa yake turjewa a bakin zaure ko a inuwar kuka da tsakar rana. Yana bambance shuɗi da rawaya, amma ja da kore sukan rikice masa. Kunnuwansa suna juyawa kowanne da kansa, suna kama sautin da mutum ba ya ji. Dabba ce ta garke, kaɗaici kansa tsoro ne a wurinta. Sannan yana da riƙo: wurin da aka taɓa dukansa, ko shingen da ya taɓa buge masa ƙwauri, ba ya mantawa da wuri. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Tsoro yana da alamu tun kafin ya kai ga zabura. Doki zai ɗaga kai sama, wuyansa ya sandare, farin idonsa ya bayyana, hancinsa ya buɗe, ya matse wutsiya, ya riƙa yin kashi kaɗan-kaɗan, gumi ya keto masa tun bai yi aikin komai ba. Zuciyar lafiyayyen doki da ke hutawa tana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti ɗaya, firgita kaɗai kuma tana iya ninka wannan yana tsaye wuri ɗaya. Natsuwa ma tana da nata alamu: ya sauke kai, ya lashi leɓe, ya yi tauna ba komai a bakinsa, ya saki dogon numfashi, ya jingine ƙafar baya ɗaya a kan bakin kofato. Mai horo yana karanta waɗannan alamu kamar yadda manomi ke karanta hadari.

A fara neman ciwo

Da yawa daga cikin dawakin da ake kira masu mugun hali ciwo ne ke cinsu. Bincike yana farawa daga baki. Linzamin gargajiya yana da zoben ƙarfe da ke zagaye haɓa, da wani harshe da ke tokarar ganɗa idan an ja kamazuru. Shi ne ke sa doki ya yi zamiya ya tsaya cak a gaban sarki lokacin jafi. A hannun gwani ɗan taɓawa ya isa, a hannun ɗan koyo kuwa yana fasa baki har jini ya fito. Dokin da ya san zafin wannan ƙarfe ba zai miƙa wuyansa a kan shinge ba, alhali miƙa wuya shi ne ginshiƙin tsallake. Don haka ake sauya masa linzami mai laushi, mai gaɓa a tsakiya, ko a fara aikin da ragama kaɗai. Haƙoran doki suna ci gaba da fitowa tsawon rayuwarsa, gefen turamen yakan yi kaifi ya yanki kumatu, sai likitan dabbobi ya goge su.

Daga baki sai gadon baya. A cire sirdi a bi bayan da tafin hannu a hankali. Idan doki ya lanƙwasa ko ya kwantar da kunne, akwai ciwo. Farin gashi a inda sirdi ke zama shaidar tsohon miki ne. A duba inda majayi ke ɗaurewa, a duba kofato ko ya yi tsawo ko ya tsage, a sa a yi sassarfa da dokin a kan ƙasa mai tauri a ga ko yana ɗingishi.

Abinci yana da nasa kaso. Cikin doki ƙarami ne, an yi shi ne don ya riƙa cin ciyawa kaɗan-kaɗan kusan yini da kwana, kuma ruwan tsamin da ke narka abinci ba ya daina zuba ko da cikin babu komai. Dokin da ake cika wa gero ko dawa sau biyu a rana, a bar shi sa'o'i babu harawa, yana iya kamuwa da gyambon ciki, yana kuma tara ƙarfin da ba shi da inda zai kai shi. Mai firgita ya fi buƙatar harawar wake ko ta gyaɗa da ingirici a gabansa kusan kullum, hatsi daidai aikinsa, kanwa ko gishiri gwargwado, da ruwa mai tsabta, domin a lokacin zafi doki kan sha lita 40 ko fiye a rana. A ɗaure shi inda zai riƙa ganin wani doki, a kuma ba shi talala ko ɗan fili da zai yi birgima.

Shekaru ma abin lura ne. Ƙasusuwan bayan doki ba sa gama ƙwari sai ya kai shekara biyar zuwa shida. Duƙushi ɗan shekara uku zai iya koyon taka sanduna, amma tsallake mai nauyi jira yake yi.

Aikin ƙasa

Horo yana farawa mai horo yana tsaye a ƙasa, da ragama da igiya. Doki yana koyo ne ta hanyar matsi da saki. An ja igiya kaɗan, ya ɗaga ƙafa ya matso, a saki nan take. Sakin shi ne ladansa, shi ne kuma ke gaya masa ya yi daidai. Idan sakin ya makara da daƙiƙa biyu ko uku, darasin ya ɓace. Da wannan ake koya masa tafiya, da tsayawa, da ja da baya, da kauda gindi gefe, da sauke kai idan an ɗora hannu a bayan kunnuwansa. Sauke kai yana da muhimmanci ƙwarai, domin dokin da kansa ke ƙasa hankalinsa yakan bi shi ya kwanta.

Daga nan sai sabo da abin tsoro. A ɗauki misalin buhun taki, wanda ake samu a kowane gida a Babban Duhu. Mai horo yana riƙe igiya a hannu ɗaya, wani kuma ya tsaya da buhun can nesa, inda doki zai kafa masa kunne amma ba zai ja da baya ba. A tsaya a nan. Da zarar ya sauke numfashi ko ya lashi leɓe, a janye buhun. A sake dawowa da shi, a ƙara taku ɗaya. Idan ya zabura, an yi gaggawa, a koma baya. Akwai wata dabarar da ta fi wannan sauri: mai buhun ya juya baya ya riƙa tafiya yana jan sa a ƙasa, dokin yana biye. Abin da ke gudu daga gare shi ba maƙiyi ba ne a lissafin doki, sai ka ga ya miƙa hanci yana neman shinshinawa. Bayan kwanaki ana goga masa buhun a wuya da kafaɗa da ciki, daga ɓangaren dama da na hagu, saboda sabon da ya yi a ido ɗaya ba lalle ya wadatar da ɗayan ba.

Haka ake bi da babur, da laima, da babbar riga mai kaɗawa, da kalangu da algaita da kakaki, har zuwa ƙarar bindigogin da ake harbawa ranar hawa. Ana farawa daga nesa, doki yana cin harawa, kusa da wani tsohon doki da ya ga jiya ya ga yau. Natsuwar tsohon tana yaɗuwa zuwa ga sabon. Abin da ake gudu shi ne a ɗaure doki tamau a yi ta buga masa abin tsoro har ya daina motsi. Wanda aka yi wa haka ya yanke ƙauna ne kawai, tsoron yana nan a ciki, kuma yakan fashe ranar da ba a zata ba.

Darasi ɗaya bai kamata ya wuce minti 20 zuwa 30 ba. Sanyin safiya ko bayan la'asar ya fi dacewa, a lokaci guda kullum, da mutum guda, domin mai firgita yana samun kwanciyar hankali idan ya san abin da zai biyo baya.

Daga sanda ɗaya zuwa shinge

Filin horo ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Wuri ne shimfiɗaɗɗe mai yashi kaɗan, wanda ba tsandauri ba kuma ƙafa ba ta nutsewa, a share duwatsu da ƙaya da kututturen kara. Sandunan a samo miƙaƙƙu masu ɗan kauri, tsawon mita uku ko fiye, na turare ko na bedi, a feƙe rassan, a shafa musu farar ƙasa ko fenti fari da shuɗi don su fita a idon doki. Siririyar sanda mara nauyi tana mirginawa ƙarƙashin kofato ta kayar da shi.

Ranar farko sanda ɗaya ce a kwance a ƙasa. Mai horo yana jan dokin, shi ya fara ƙetarewa. Doki zai tsaya, ya sunkuyar da kai, ya yi huci a kan sandar har ƙura ta tashi, wataƙila ya daka tsalle kamar rijiya ce a gabansa. A bar shi. A zagayo a sake, sau biyar, sau goma, har ya taka ya wuce bai ko kalle ta ba. Sai a ƙara ta biyu da ta uku. Don sassarfa, tazarar da ke tsakanin sanduna takan kai mita 1.20 zuwa 1.40 ga manyan dawaki, ga dokin gida kuwa a rage ta kaɗan. Sawun da ya bari a yashi shi ke faɗin gaskiya: idan kofato yana sauka a tsakiyar tazarar, awon ya yi.

Shingen farko sanduna biyu ne da aka gicciye, tsakiyarsu bai wuce santimita 30 ba. Gicciyen yana jan doki zuwa tsakiya, inda ya fi gajarta. Ana zuwa masa da sassarfa, domin a wannan tafiya doki yana da lokacin dubawa, kuma shingen gajere ne har zai iya taka shi ya wuce ko daga tsaye. Wannan yana hana shi koyon cewa juyawa baya mafita ce. Idan ya yi shakka, a sa tsohon doki a gaba ya bi bayansa. Ana ajiye sanda a ƙasa a gindin shingen don ya gane inda zai tashi. Kuma dole sandunan sama su kasance masu faɗuwa idan an taɓa su. Shingen da aka kafe da ƙusa ko aka ɗaure da igiya yana karya ƙafar doki da wuyan mahayi.

Idan gicciye ya zama ruwan sha, sai a jera ƙananan shingaye biyu ko uku a layi ɗaya, da tazarar da ta dace da takunsa, yadda zai riƙa sauka yana tashi ba tare da ya yi lissafi ba. Jerin yana koya masa kari, kamar yadda kiɗa ke daidaita masu daka. Ana ƙara tsawo da santimita biyar zuwa goma, kuma abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda: ranar da aka kawo shinge mai sabon launi, a rage tsawo, ranar da aka ƙara tsawo, a bar shingen da ya sani. Tsallake sau biyu a mako ya isa, sauran kwanakin na kilisa ne da aikin fili.

Mahayi

Doki yana jin ƙuda idan ya sauka a fatarsa, balle mutumin da ke zaune a bayansa yana maƙe numfashi. Mahayi mai tsoro yana matse cinya, ya ɗaure hannu, ya sunkuya yana kallon shinge, dokin kuma ya fahimci cewa lalle akwai haɗari a gaba. Mai firgita yana buƙatar mahayi mai sanyin hannu, wanda zai ɗaga ido ya dubi can bayan shingen, ya riƙe tafiya a kan kari ɗaya, yana yi wa dokin magana ƙasa-ƙasa.

Zaman da ake yi a yau lokacin tsallake ya samo asali daga Federico Caprilli, hafsan sojan doki na Italiya wanda ya rasu a 1907. Kafin shi mahaya sukan jingina baya su ja linzami a kan shinge. Caprilli ya lura da yadda doki ke tsallake idan babu kowa a kansa, yana miƙa wuya yana lanƙwasa baya, sai ya koyar da a gajarta likkafa, mahayi ya ɗaga daga sirdi ya karkata gaba, hannunsa ya bi bakin doki. Sirdin gargajiya mai doguwar ƙwacciya gaba da baya an yi shi ne don ya riƙe barde kada a tunkuɗo shi, bai bar wurin wannan karkatawa ba, kuma ƙwacciyar gaba tana iya bugun cikin mahayi. Sirdi mai faɗi irin na 'yan folo ya fi dacewa. Ɗan koyo ya riƙe gezar doki ko wata igiya da aka zagaya a wuyansa, don kada ya fizgi baki idan ya rasa daidaito. Fizga ɗaya a tsakiyar tsallake tana iya rushe aikin wata guda. Hular kwano wajibi ce, ƙaimi mai kaifi kuwa ba shi da wuri a wannan aiki.

Idan ya ƙi, ko ya ruga

Tsoro a gaban shinge yana fitowa ta hanya uku. Doki ya turje ya tsaya, ko ya kauce ta gefe, ko ya ruga da gudu. Na ukun ya fi yaudarar mutane, sukan ɗauka zumuɗi ne, alhali so yake ya rabu da abin da sauri. Wanda ya tsaya, a bar shi yana fuskantar shingen, a sauke sandar har ƙasa, ya taka ya wuce, sannan a sake ginawa. Wanda ya kauce, a rage masa gudu a kafa masa sanduna a gefe biyu kamar lungu. Wanda ya ruga, a mayar da shi sassarfa, a riƙa zagaye a gaban shingen har numfashinsa ya daidaita, a tsallaka sau ɗaya, a tsaya a shafa wuyansa.

Duka bayan ya ƙi yana haɗa masa shinge da zafi a ƙwaƙwalwa, gobe tsoronsa ya zama biyu. Akwai masu ɗaga sanda su bugi ƙafar doki yana sama don ya riƙa naɗe ƙafa sosai. Dokokin FEI sun haramta wannan, kuma ga mai firgita babu abin da ya fi shi ɓarna. Kowane darasi a rufe shi da abin da dokin ya iya, ko da taka sanda ɗaya ce.

Fita cikin taro

Dokin da ya natsu a gida yakan koma ɗanye a baƙon wuri. Fitarsa ta farko ta kallo ce: a kai shi filin sukuwa ko wurin da ake kilisar shirin sallah, tare da abokin turkensa, a zagaya da shi a hannu, ya ci harawa, a dawo. A fita ta biyu a hau shi a gefen fili. Ranar da zai fara gasa a sa shi a shingen da bai kai wanda yake tsallakawa a gida ba. Haka abin yake ga hawan sallah. Sabon doki ba a sa shi kusa da 'yan bindiga ko a sahun gaba a Ƙofar Soro, bakin fadar Sarkin Katsina, wurinsa tsakiyar tawaga ne, da zagi a gefensa.

Darasin Huaso

Tsallake mafi tsawo da hukumar FEI ta amince da shi a tarihi, doki mai firgita ne ya yi shi. An haifi Huaso a ƙasar Chile a 1933. An fara sa shi tsere bai yi abin kirki ba saboda rawar jiki da rashin natsuwa, daga baya ya koma hannun sojoji. Kyaftin Alberto Larraguibel ya shafe kimanin shekara biyu yana shirya shi. Ranar 5 ga Fabrairun 1949, a garin Viña del Mar, aka kafa shinge mai tsawon mita 2.47. A yunƙurin farko dokin ya ƙi. Larraguibel bai sa masa bulala ba, daga baya ya bayyana cewa da ya yi haka da dokin ya rikice. A yunƙuri na biyu ya taɓa sanda, a na uku ya ƙetare. Yana da shekara 16 a lokacin. Ba a sake hawansa ba har ya mutu a 1961, kuma har yau ba a karya wannan bajinta ba.

Ba kowane doki ne zai kai ga gasa ba. Wani bayan watanni na haƙuri zai nuna cewa iyakarsa kilisa da hawa, kuma sanin wannan iyaka yana cikin gwanintar mai horo. Amma ko wanda bai taɓa shiga fili ba ya ci ribar aikin, domin dokin da ya koyi tsayawa ya dubi abin tsoro maimakon ya ruga shi ne wanda ba zai tattake yara a hawan angonci ba, ba zai kuma kayar da mahayinsa a bakin kwazazzabo ba. Bulala da linzami mai kaifi suna sa doki biyayya ta yini ɗaya. Dokin da zai ƙetare shinge da yardarsa kuwa, sai wanda aka bi da shi sannu a hankali tun daga gindin turke.